Babur A Hanyar Dutse: Jarumta Ce Ko Ganganci?



Tambayar da nake so mu duba a wannan fitowar ita ce: mutumin da ya hau babur ya nufi hanyar dutse mai tsakuwa da gangare, alhali ya san zai iya faɗuwa ya karye ko ya rasa ransa, jarumi ne ko mai ganganci? Na san wata za ta ce, "To Malama, mu da ba ma tuƙa babur, ina ruwanmu?" Muna da ruwa kuwa, muna da tsaki. Mu ne a bayan babur ɗin da goyo. In an faɗi mu ke jinya, in abin ya zo da ƙarar kwana mu ke takaba.

Bari mu fara da waɗanda suka mayar da abin wasa. A ƙasashen Turawa akwai masu hawa babur kan tsaunuka ba don za su kasuwa ko asibiti ba, sai don nishaɗi kawai. A Ostiriya, tun 1995 ake wata gasa a wani tsauni da ake haƙar tama, mai suna Erzberg. Mutum 500 ke fara tseren ƙarshe, amma wata shekarar waɗanda ke kaiwa ƙarshe ba sa cika 10. Wadda ta fi kusa da mu ita ce tseren Dakar, wanda wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ƙirƙira bayan ya ɓata a hamada a kan babur a 1977. An tashi daga Faris a ƙarshen Disamba 1978, aka ratsa Aljeriya da Nijar ta Agadas, aka bi ta Mali har Senigal. Shi kansa Sabine a cikin tseren 1986 ya mutu, a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali. An soke na 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka koma Kudancin Amurka a 2009, sannan tun 2020 a Saudiyya ake yin sa. A wannan shekarar ma wani ƙwararren mahayi ɗan Fotugal, Paulo Gonçalves, ya faɗi ya mutu.

Mu nan ƙasar Kazaure ba mu da tsaunuka masu tsawon nasu, amma muna da abin da ya ishe mu. Duk wadda ta taɓa bin hanyoyin ƙauyukan Roni ko Gwiwa, ko ta zagaya bayan duwatsun Kazaure, ta san hanyar burji mai hawa da sauka, wadda ruwan damina ke yankewa ya bar kwazazzabo a gefe da tsakuwa a tsakiya. In kin yi gabas wajen Babura kuma yashi ne, ƙafar gaba ta yi ta rawa kamar za ta ƙwace daga hannun mai tuƙi. A kan waɗannan hanyoyi ake ɗauko mai naƙuda da tsakar dare, ake kai buhun gero kasuwa, ake kai malamin makaranta wurin aiki. Daga kan kwaltar Achilafiya ka sauka ka nufi cikin karkara, sau da yawa Boxer ko Jincheng ita ce motar, ita ce motar asibitin.

Hukuncin da ke fara zuwa bakin kowa mai sauƙi ne: Bature ƙoshi ne ya yi masa yawa har yake wasa da ransa, namu kuwa lalura ce. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba.

Dubi yadda ɗan wasan yake fita. Hular kwano ta rufe kai har haɓa, da takalmi mai tauri har ƙauri, da kariyar gwiwa da ƙirji da gadon baya. Tayarsa mai manyan haƙora ce da ke cizon ƙasa. Ya duba birki, ya san hanyar, kuma shi kaɗai ne a kan babur ɗin. Yanzu dubi namu. Silifas a ƙafa, hula zanna a ka, taya ta cinye ta yi sumul kamar tafin hannu, birkin baya sai an taka sau biyu yake ji. A gabansa kan tanki yaro ne, a bayansa ke ce da goyo, a can ƙarshe kuma an ɗaure ƙullin kaya. Rai huɗu ke nan a kan ƙafa biyu. To 'yar uwa, tsakanin mutanen nan biyu wa ya fi wasa da rai? Ɗaya dalilinsa mai rauni ne amma shirinsa mai ƙarfi. Ɗayan dalilinsa mai ƙarfi ne amma bai yi shirin komai ba. Ni dai a ganina kyawun dalili ba ya wanke sakaci. Wanda ya ɗauko mai naƙuda don ya cece ta, ya kuma kayar da ita a gangare saboda birkin da ya san ya lalace tun watan jiya, kyakkyawar niyyarsa ba za ta ɗora mata ƙashin da ya karye ba.

Malaman tarbiyya sun daɗe da warware mana wannan. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani a cikin Ihya'u cewa jarumta hali ne na tsakiya. A gefe ɗaya akwai ragwanta, wato tsoron abin da bai kamata a ji tsoronsa ba. A ɗaya gefen akwai abin da Larabawa ke kira tahawwur, mu kuma mu ce ganganci ko kasada, wato afka wa abin da hankali ya ce a dakata. Tun kafin shi Ibn Miskawaihi ya kawo irin wannan rabon, kafin su kuma masanin Girka Aristotil. Abin lura shi ne, a waje ganganci da jarumta kama suke yi, shi ya sa samari ke ruɗewa. Dukansu sun hau dutsen. Bambancin yana cikin kai: jarumi ya ga haɗarin, ya auna shi, ya rage abin da zai iya ragewa, sannan ya shiga don wani abu da ya cancanta. Mai ganganci bai auna ba, ko kuwa ya auna amma idon mutane ya fi masa nauyi.

Masana fiƙihu ma suna da ma'auni mai kyau, kuma sun yi amfani da shi a kan hawa teku don zuwa aikin Hajji a zamanin jiragen ruwa na katako: a duba abin da ya fi rinjaye. In tsira ce ta fi rinjaye, a tafi. In halaka ce, a dakata, ko da kuwa Hajji ne. Ki lura, Hajji fa, rukuni guda na addini. To ina ga zuwa biki ko cin kasuwa? Kiyaye rai yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta tsare, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya. Ran mutum ba mallakinsa ba ne da zai yi yadda ya ga dama da shi, ajiya ce aka ba shi.

Da wannan ma'aunin ba zan iya cewa duk mai hawa babur don motsa jiki ya yi laifi ba. Sukuwar dawaki mun gada, kuma ana faɗuwa a cikinta. Saurayi yana da jini a jika, in ba a ba shi fili ba shi zai nemo wa kansa. Wanda ya ƙware, ya sa kariya, ya tafi inda babu mutane, tsira ta fi rinjaye a lamarinsa. Inda nake da ja shi ne inda wasan ya kai matsayin da duk shekara ana sa ran wani zai mutu, ana kuma ci gaba don kuɗin talla da suna. Mafi muni, mutuwar ba ta tsayawa kan masu wasan. A tseren Dakar na 2006 motoci sun kashe yara biyu na gefen hanya, ɗaya a Gini ɗaya a Senigal. Su ba su sa hannu a takardar shiga gasa ba, ba su kuma da rabo a kyautar.

Wannan shi ya kawo ni kan 'ya'yanmu. Abin da samari ke yi ranar kai amarya, a ɗaga ƙafar gaba, a saki hannu, a miƙe tsaye kan babur, a juya a tsakiyar taro ƙura na tashi, ya haɗa sharrin ɓangarorin biyu. Ba lalura, ba shiri, ga kuma yara da tsofaffi a gefe. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, guɗar da wa ke yi musu? Mu ne. Yaro yana jin guɗa zai ƙara murɗa totur. Ranar da muka daina guɗa muka juya baya, rabin wasan ya mutu.

Akwai wata al'ada da nake so ki sa wa ido, domin tana kisa a hanyar gangare. Mai babur in ya kai kan tudu sai ya kashe inji ko ya cire giya, ya bar babur yana gangarawa da kansa, wai yana tattalin mai. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 abin ya ƙara yawa, kuma ba na raina tsadar mai. Amma ga yadda abin yake. In babur yana cikin ƙaramar giya, injin da kansa yana riƙe shi, ba ya barin sa ya zura. Da an cire giya, nauyin duka ya koma kan birki. A kan kwalta wataƙila a sha, amma a kan tsakuwa, da an damƙe birkin gaba da ƙarfi ƙafar gaba za ta tsaya cak ta zame, kamar wanda ya taka gero a kan siminti. Mai wasan tsauni ya san wannan, shi ya sa yake sauka da ƙaramar giya, ya mayar da nauyinsa baya, yana taɓa birki a hankali. Man da aka tattala a gangare ɗaya bai cika ludayi ba. Je ki tambayi kuɗin ɗori a asibitin ƙashi na Dala ki kwatanta.

In kin yi magana, amsar da za ki ji ita ce, "Abin da Allah ya ƙaddara ba makawa." Haka ne, mun yi imani. Amma wannan mutumin da daddare yana kulle babur ɗinsa da sarƙa da kwaɗo, har ya shigo da shi zaure. Bai bar wa ƙaddara babur ba, sai kansa da kan iyalinsa ya bar mata? Dukanmu mun karanta hadisin mai raƙumi a Islamiyya, mun san wanne aka fara, ɗauri ko dogaro. Ranar 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, sai aka ga wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka don su ruɗi jami'ai. An yi dariya sosai a lokacin. Sai dai ƙwarya tana iya ruɗin jami'i, ba ta ruɗin dutse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma masu babur suna cikin waɗanda abin ya fi ci.

To ke da ke zaune a baya fa, mene ne naki? An tarbiyyantar da mu da kunya da kawaici, kuma ado ne gare mu. Amma shirun da za ki yi alhali kina ganin ana zura gangare da jaririnki a baya ba kunya ba ce. Wannan jaririn ba shi da baki sai naki. In maigida ne, ba sai kin ɗaga murya a kan hanya ba. Tun a gida, bayan ya ci abinci ya huta, ki ce, "Malam, tayar nan ta baya tana ba ni tsoro, ko za a duba ta kafin tafiyar jibi?" In kuɗi ne matsala, kuma kina da ɗan adashi, wallahi taya ta fi atamfar ankon biki. In ɗan acaɓa ne, kuɗinki za ki biya, kina da damar cewa, "Ƙanena, don Allah sassauta, kada ka kashe inji a gangaren nan." In ya ƙi, ki sauka. In an zo wurin da hawan ya yi tsanani ko ruwa ya cinye hanya, sauka ki taka da ƙafa ki same shi a gaba. Tafiyar minti biyar ce.

Sannan akwai wanda yake namu ne kacokan, ba na mai tuƙi ba. Dogon hijabi da bakin zane da jelar mayafi, in suka yi lilo, ƙafar baya ko sarƙar babur na iya kama su ta naɗe, ta fizgo mace ta shaƙe ta tun mai tuƙi bai ankara ba. Kafin a tashi ki tattare hijabinki gaba ɗaya ki riƙe a cinya, sutura ba ta ragu ba don an tattare ta. Ki lura da salansa kada ƙafar yaro ta taɓa. Zaman gefe guda da muke yi kuma a hanyar kwalta ma da ƙyar ne, balle inda babur ke tsalle, don haka ki sa dogon wando a ciki yadda za ki zauna daram, hannunki ɗaya a ƙarfen baya. In tafiyar asibiti ce kuma cikin ya tsufa, a yi maganar mota ko a matso kusa da gari tun watan haihuwa bai kama ba, kada a bari sai naƙuda ta zo cikin dare a watan Agusta, hanya ta jiƙe, fitilar babur kuma ba ta haska taku goma.