Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Ilimi Na Sayarwa Ne Ko Na Sadaka?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu ma'abuta alƙalami, wato shin abin da mutum ya ƙirƙira da basirarsa haja ce da zai kasa a kasuwa, ko kuwa amana ce da ya wajaba ya miƙa wa jama'a? Tarihin intanet ya ishe mu madubi a kan wannan batu.

A ranar 29 ga Oktoba, 1969, wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas ya yi ƙoƙarin aika kalmar LOGIN daga kwamfutarsa zuwa wata da ke Cibiyar Bincike ta Stanford. Haruffa biyu kacal suka isa, na'urar ta cije. Wannan shi ne saƙon farko na ARPANET, wadda Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta da kuɗin jama'a. A 1974 Vint Cerf da Bob Kahn suka fitar da ƙa'idar da za ta ba kwamfutoci mabambanta damar fahimtar juna, suka buga ta a fili kowa ya karanta. Ranar 1 ga Janairu, 1983, ARPANET ta koma kan wannan ƙa'ida. Sannan a 1989 wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee, ma'aikaci a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janiba, ya gabatar da tsarin da muke kira yanar gizo.

To, abin lura ya faru ne a 1993. A lokacin yanar gizo tana da kishiya mai suna Gopher, wadda Jami'ar Minesota ta ƙirƙira, kuma tana da farin jini ƙwarai. A watan Fabrairu jami'ar ta sanar da cewa 'yan kasuwa za su riƙa biyan kuɗin lasisi kafin su yi amfani da manhajarta. Ita kuwa CERN, a ranar 30 ga Afrilu, sai ta yi shelar cewa ta sallama wa duniya yanar gizo kyauta, ba ta neman ko kwabo. Masu fasaha suka ji tsoron gini a filin da wata rana za a zo karɓar haya, suka yi ta ƙaura zuwa filin da aka bayar sadaka. Cikin 'yan shekaru Gopher ta dusashe. Yanar gizo ta yi ta bunƙasa, har Hukumar Sadarwa ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum biliyan 5.5 ke amfani da intanet.

Mai saurin yanke hukunci zai ce magana ta ƙare, kyauta ta kayar da ciniki. Amma mu dakata. A kan wannan fili na sadaka ne kamfanoni irin su Google da Facebook da Amazon suka gina dukiyar da ta fi ta ƙasashe da yawa. Sun ce mu shigo ba da kuɗi ba, alhali sirrinmu da lokacinmu suke tattarawa suna sayar da talla a kansu. A 2018 aka bankaɗo cewa kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan mutanen da yawansu zai iya kai miliyan 87 daga Facebook, akasarinsu ba da saninsu ba. Shi kansa Berners-Lee ya sha bayyana damuwarsa a kan yadda al'amarin ya juya. Rijiya ta bayar, guga ya hana ke nan. Ashe kuwa mai kyautar ya yi wauta? Ko ma yana da kaso a cikin ɓarnar da aka yi da kyautarsa?

A ganinmu, a'a. Mu tuna da rijiyar Ruma a Madina, wadda mai ita yake sayar da ruwanta, Sayyidina Usman ya saye ta ya mayar da ita waƙafi. Da wani zai zo daga baya ya kewaye ta da shinge, ba wanda zai ɗora laifi a kan mai waƙafin. Sai dai malaman fiƙihu sun san cewa waƙafi yana buƙatar mai kula da shi. Kuskuren duniya shi ne ta karɓi rijiyar da hannu bibbiyu, ta manta da naɗa mai gadi, har masu manyan guga suka mamaye bakinta.

Yanzu mu dawo gida. Mu ne muke kuka idan aka kwafe littattafanmu ana rarrabawa a WhatsApp ba da izninmu ba, kuma mu ne muke murna da karanta na wasu a ɓagas. Wannan baki biyu ne, kuma ya kamata mu warware shi. Abin da kowa yake buƙata kafin ya iya yin nasa aikin, kamar harshe da haruffa da ƙa'idar rubutu da hanyar sadarwa, shi ne rijiya, kuma zalunci ne a sa masa kwaɗo. Littafin da marubuci ya kwana yana rubutawa kuwa ruwan ɗan garuwa ne. Ruwan na Allah ne, amma ɗauko shi da kai shi ƙofar gida gumi ne, kuma hana shi ladansa cin haƙƙi ne. Saboda haka muna da hujjar neman a biya mu, kuma wannan hujjar ce ta ɗora mana biyan wasu.

Sai dai akwai sauran bashi a wuyanmu. Duk wanda ya sha daga rijiyar da bai haƙa ba, akwai ranar da za a nemi ya shiga yasa. Hausa tana da miliyoyin masu magana da ita, amma abin da ke cikinta a intanet na kimiyya da tarihi da likitanci bai taka kara ya karya ba. Ba wanda zai zo daga Janiba ya cike mana wannan giɓi. Idan kowannenmu ya ware wani abu daga iliminsa, ko ƙamus ne, ko fassara, ko tarihin garinsu, ya sanya shi inda ɗalibi zai samu ba da biya ba, to mun fara rage bashin. Allah Ya sa abin da muka rubuta ya zama cikin ilimi mai amfani, amin.