Tsingaro da Tulunan Aro

Mai koyarwa ya zo aji da tsingaro guda, ya ajiye shi inda kowa zai gani. A karanta Irmiya 18:1-6 da 19:1-11, da Ishaya 30:12-14, sa'an nan II Sarakuna 4:1-7. In da masu karatu da yawa a raba musu, gama karatun yau da ɗan tsawo.

'Yan'uwa, babu gidan da tukunya ba ta taɓa fashewa a ciki ba. Yarinya ta dawo daga rafi, ta yi tuntuɓe a bakin ƙofa, tulu ya tarwatse. Uwa ta yi faɗa, ta gama faɗanta, sa'an nan ta sunkuya ta fara zaɓe. Gindin tulun ta kai wa kaji su riƙa shan ruwa a ciki. Wani ɓarin ta ajiye kusa da murhu don ɗebo wuta. Wanda ya yi faɗi ya zama abin suyar gyaɗa, ko murfin randa. Sai ɗan ragowar a ke sharewa a kai juji. Mutanen Yahuza ma haka su kan yi a zamanin annabawa, wanda bai san wannan ba kuwa, ba zai ji nauyin karatunmu na yau ba.

Sau biyu Ubangiji ya aiki Irmiya wajen tukwane. A sura 18 ya tarad da magini yana aiki a kan abin juyi (namu maginan galibi da hannu su ke ɗora yumɓu, amma sana'ar ɗaya ce). Tukunyar ta lalace a hannunsa tun tana ɗanya, sai ya dunƙule ta ya gina wata. A sura 19 kuwa aka ce masa ya sayi gasasshen tulu, ya tafi da dattawan jama'a da na firistoci zuwa kwarin Hinnom, wajen ƙofar birni wadda sunanta ma Ƙofar Tsingaro, ya fasa shi a idonsu, alamar hukuncin da ba shi da gyara. Kowace mai ginin tukwane ta san bambancin nan. Yumɓu ɗanye ya kan koma laka in an jiƙa shi. Amma da zarar ya sha wuta, jikinsa ya sake ke nan. Ko tsingaro ya shekara a cikin ruwa, tsingaro za a tsamo.

To, a nan ne mutane da yawa su kan rufe littafi su ce abin da ya fashe ya ƙare. Sai mu duba Ishaya. Sa'ad da Yahuza ta ƙi maganar Allah ta dogara ga Masar, annabin ya kwatanta faɗuwarta da tukunyar da aka ragargaje ba tausayi, har ba a sami ko ɓari ɗaya da zai isa a ɗebo wuta daga murhu, ko a kamfaci ruwa daga tafki ba. Ku lura da abin da ya ɗauka kowa ya sani: fashewa ta yau da kullum ta kan bar abin mora. Masifa ta ƙarshe ita ce a rasa ko wannan.

Akwai lokacin da muna aikin fassara muka daɗe a kan kalmar Ibrananci da ke ayan nan, watau heres. Wani ya ce tsingaro, wani ya ce kasko, wani ma ya kawo sakaina, aka tuna masa sakaina ta ƙwarya ce. Wata tsohuwa da ke sauraronmu ta ce, “Malam, abin da ya ɗebo wuta kasko mu ke ce masa, ko daga fasasshen tulu ya fito.” Na yi shekaru ina koyon Ibrananci, amma ita ta koya mini cewa sunan abin ya kan bi aikinsa.

Da heres ɗin nan Ayuba ya sosa jikinsa yana zaune cikin toka, bayan dukiya da 'ya'ya da lafiya duka sun tafi. Mutanen dā kuma a kansa su kan yi rubutu, domin takarda da tsada, tsingaro kuwa kyauta ne. A 1910 masu tonon kufai sun sami waɗansu a Samariya, an rubuta lissafin mai da ruwan inabi a kansu. A 1935 aka tono guda 18 a ƙofar birnin Lakish, rubutun tawada ne na zamanin Irmiya kansa, dab da rundunar Nebukadnezzar ta rushe Urushalima. A ɗaya daga ciki, wani soja yana sanad da shugabansa cewa suna duban alamar wuta ta Lakish, gama ta Azeka ba su ganinta. Ku buɗe Irmiya 34:7, za ku ga garuruwan nan biyu ne aka ambata cikin birane masu garu da suka rage wa Yahuza. Fādodi sun ƙone, takardu sun ruɓe, ɓarin tulu ya kawo mana labarin bayan shekara fiye da 2,500. A ƙasarmu ma, mutanen Ife na dā sun jera tsingaro a tsaye suka daɓe farfajiya da shi, har yau ana ganin sauransa. Magina da yawa kuwa su kan daka tsingaro su cuɗa garin da sabon yumɓu, domin shi ba ya ƙara tsukewa, sai ya hana sabuwar tukunya tsagewa wajen bushewa da wajen gashi. In akwai magini a unguwarku, ku tambaye shi ko yana so kafin ku zubar.

Duk wannan game da abin da ya fashe ne. Karatunmu na ƙarshe ya fi shafarmu, gama a kan abin da bai fashe ba ya ke magana.

Wata gwauruwa, matar ɗaya daga cikin 'ya'yan annabawa, ta kai kuka wurin Elisha: mijinta ya rasu da bashi, mai bin bashin kuwa yana zuwa ya kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Ba ta da kome a gida sai ɗan mai a kwalba. Elisha ya umarce ta ta bi maƙwabta duka ta aro tuluna waɗanda ba kome a ciki, kada ta aro kaɗan, ta rufe ƙofa ta yi ta zubawa. Ta yi ta zubawa, 'ya'yanta suna miƙo mata. Da ta nemi ƙarin tulu, ɗanta ya ce babu saura, a nan man ya tsaya. Ta sayar, ta biya bashi, suka ci ragowar.

Mu kan karanta labarin nan mu yabi bangaskiyar matar, daidai ne kuwa. Amma ku tuna da maƙwabtan. Ba a faɗi sunan ko ɗaya ba, ba kuwa wanda aka roƙa kuɗi ko hatsi. Abin da ke zaune banza a kusurwar ɗaki kaɗai aka nema. Duk da haka yawan man ya tsaya daidai inda aronsu ya tsaya. Da a ce wata ta hana tulunta don gudun kada a fasa mata, tulu guda na mai ke nan ta rage wa marayu, ba ta kuwa sani ba. Yanzu kowa ya duba ɗakinsa da zuciya. Kwanukan jere nawa ne tun na ranar aure waɗanda tuwo bai taɓa shiga ba? Tukwane nawa a ƙarƙashin gado? Ban ce jere zunubi ba ne, 'yan'uwa mata, kayan da iyaye suka yi wa 'yarsu abin daraja ne. Amma a 2014, sa'ad da mutanen Gwoza da Michika da Mubi suka gudo zuwa Yola da Jos da Abuja, da yawa sun iso ba ko moɗa. An ba su masara da shinkafa, suka rasa abin dafawa, gida biyar suna jiran tukunya ɗaya.

Ga wani gargaɗi kuma, da kaina zan fara. A shekaran nan ikilisiyarmu ta tara kaya, ni ma na kawo kwali guda. Sai da matan zumunta suka buɗe shi a gabana na ga abin da na yi: kofuna masu karyayyen hannu, da faranti mai tsaga, da tukunyar ƙarfe wadda na sani sarai tana yoyo. Ɗakin girkina na share, na sa wa sharar suna kyauta. Ba wadda ta ce mini uffan, shirun nan ya fi faɗa zafi. Malakai ya tsauta wa masu kawo makauniyar dabba da gurguwa hadaya, ya ce su gwada kai wa gwamna irinta su gani ko zai karɓa. Abin da ba za ka zuba wa baƙonka abinci a ciki ba, kada ka ba gwauruwa.

Wannan ba maganar kunya kaɗai ba ce, har da lafiya. Shari'ar Musa (Littafin Firistoci 6:28 da 11:33) ta ce tukunyar tagulla a kankare ta a ɗauraye, ta yumɓu kuwa a fasa. Dalilin dokar na tsarkin sujada ne, ba a kuwa ɗora mana ita ba, amma ta dace da abin da kowa ya sani, cewa yumɓu yana shan abin da aka zuba masa. Faranti mai tsaga ya kan ɓoye dauɗa inda soso ba ya kaiwa, kwanon da fentinsa ya ɓare ya kan yi tsatsa. Irin waɗannan a mai da su na kaji, ko na shuka barkono da albasa a bayan ɗaki. A kife duk wanda ba a aiki da shi, domin ruwan damina in ya kwanta a ciki sauro ne zai haihu. Tangaran mai kaifi kuwa a binne shi da zurfi saboda ƙafafun yara.

Kafin a tashi, aji ya zaɓi mata biyu da dattijo ɗaya. Ran Lahadi mai zuwa kowa ya kawo abu ɗaya mai lafiya wanda ya shekara bai taɓa ba, su uku ɗin su zuba ruwa su gwada kowace tukunya, a sami wuri a ajiye, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Gwauraye da baƙi da waɗanda gobara ta ci gidansu, su a kai musu har gida da yamma, kada a kira sunansu a gaban jama'a.