Wai fili in babu gini a kansa, banza ne?

 

'Yan uwa, akwai wata magana da ba ta rabuwa da bakin dillalan filaye: "Ai wurin banza ne, ba kowa." Duk filin jama'a da ka ga an cinye, da wannan maganar aka fara. Sai a dubi fegen da samari ke buga ƙwallo da la'asar, wanda ake ɗaure dabbobi a gefensa ranar kasuwa, wanda ruwan unguwa ke gangarawa cikinsa da damina, a ce ba kowa. Abin nufi dai babu mai takarda. Amma mutane, ai ga su nan kullum.

Dalilin tayar da maganar yanzu a Illela ba ɓoyayye ba ne. An rufe mana iyaka a Agustan 2019, aka buɗe a Disambar 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Kowa ya ga yadda garin ke suma in an rufe hanyar Ƙonni, ya farfaɗo in an buɗe. Ga kuma babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon sama da kilomita 1,000, wadda daga nan ta faro. Inda kwalta ta bi, kuɗin fili na biye da ita. Wurin da yau awaki ke kwana, gobe za ka ga an kafa masa turaku an shafa jan fenti. Gara mu san hukuncin abin tun turakun ba su iso ba.

Mu leƙa Kano, don su sun riga mu shan wannan ruwan. A Ƙofar Mata akwai filin wasa na Sani Abacha, gidan Kano Pillars, ga Filin Idi kusa da shi, ga kasuwar Kantin Kwari ba nisa. Wuri ne da taku ɗaya na ƙasa ya fi gonar wani tsada. A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, aka yanka filaye a irin waɗannan wurare, aka jera shaguna a Filin Idi, aka ba 'yan kasuwa tsohon otal ɗin Daula, aka yi gine-gine a Filin Sukuwa. Hujjar gwamnatin lokacin ita ce wuraren suna zaune ba amfani, gara a raya su da haɗin gwiwar masu jari, jiha ta samu kuɗin shiga. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sha rantsuwa ranar 29 ga Mayun 2023, ba a yi mako ba motocin rusau suka fito. Tasa hujjar ita ce an sayar da dukiyar jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan Filin Idi suka tafi kotu. A Satumbar wannan shekarar Babbar Kotun Tarayya a Kano ta ce a biya su diyyar Naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3.

To ka yi lissafi da kanka. An gina, an rushe, an biya diyya daga baitulmali. Talakan da bai taɓa mallakar ko rumfa a wurin ba, kuɗin maganinsa da na allin makarantar ɗansa ne suka shiga biyan. Filin ya koma fili kamar yadda yake tun farko, sai dai an ƙara masa ɓaraguzai da gaba tsakanin mutane.

Ba siyasar Kano ta kawo mu ba, kowa da jam'iyyarsa. Tambayar ita ce: wa ke da ikon cewa wuri kaza matacce ne?

Malamanmu sun yi wa wannan babi suna, ihya'ul mawat, wato raya matacciyar ƙasa. Asalinsa hadisin da ya nuna wanda ya raya ƙasar da ba ta kowa ba, ta zama tasa. Masu son fili sun haddace wannan rabin sarai. Sauran bayanin ne ba su son a karanta. A mazhabar Malikiyya, ƙasa ba ta zama matacciya don kawai babu gini a kanta. Sai ta kuɓuta daga kowane irin haƙƙi, kuma cikin haƙƙoƙin akwai hurumin gari: inda mutanensa ke yin itace, inda dabbobinsu ke kiwo su dawo a yini guda. Wannan mallakar mutanen garin ce a dunƙule, ba mai keɓe shi ya ce nasa ne. Sannan ƙasar da ke kusa da gari, wadda ake rububinta, ba ka raya ta sai da izinin shugaba, shi kuma sai ya duba ko akwai cutarwa ga jama'a. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, sai da ya ware wa mas'alar littafi sukutum, Ta'alimur Radi, kan dalilan da ke sa mutum ya keɓanta da matacciyar ƙasa. Ke nan tun ƙarni biyu da suka wuce rigimar fili ta kai a zauna a yi mata rubutu a wannan ƙasa tamu.

Wani abin da zai ba masu kewaye filaye haushi: a wurin Malikawa, zagaye wuri da katanga kaɗai ba raya shi ba ne. Raya ƙasa shi ne ka fito da ruwa, ko ka gina, ko ka dasa, ko ka nome. Wanda ya samu fuloti goma ta hanyar sanayya, ya jera bulo layi uku ya tafi Abuja yana jiran farashi ya tashi, bai raya komai ba. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya karɓe wani sashe na kwarin Aƙiƙ daga hannun Bilal ɗan Haris Al-Muzani, alhali Manzon Allah Sallallahu alaihi wa sallam ne ya yanka masa, saboda ya kasa aikin wurin duka. Ya bar masa abin da zai iya, ya raba saura ga Musulmi.

Nan kuma dole a yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Mai cewa a gina ba kullum ne ɓarawo ba. Filin da aka bari ba kulawa juji yake zama, a yi bahaya a ciki, da dare 'yan shaye-shaye su mayar da shi fada. Samarinmu na zaune ba sana'a, rufe iyaka ya karya jarin mutane da yawa, shago ɗaya kuwa na iya ciyar da gida biyu. Filin wasa ma kansa, in ba abin da ke kawo kuɗi a kewayensa, wa zai gyara katanga, wa zai biya mai gadi? Musulunci bai zo da son kango ba. Da ya zo da shi, da ba a ba mai raya ƙasa ladan mallaka ba. Saboda haka wanda ya ce kada a taɓa ko'ina har abada, shi ma bai fahimci babin ba.

Bambancin a ganina yana wuri ɗaya: ana raya wurin ne jama'a su ci gaba da mallakarsa, ko ana raya shi ne ya fita daga hannunsu? Ƙaramar hukuma ta gina rumfuna a bakin filin ƙwallo, ta ba da haya a bayyane, kuɗin ya koma gyaran filin, yara kuma ba a rage musu ko taku ɗaya na wurin wasa ba, wannan daban. A yanka filin gunduwa-gunduwa, a rubuta sunayen 'ya'ya da surukai da yaran siyasa, su sayar washegari, wannan ma daban, ko da kuwa duka biyun an kira su ci gaba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ma, da ba malaman fiƙihu suka rubuta ta ba, cewa ta yi ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana don amfanin 'yan ƙasa. Mai riƙon amana kamar waliyyin maraya ne. Yana da ikon sa hannu, amma sa hannunsa ba ya halatta abin da babu maslahar mai dukiyar a ciki.

Akwai labarin da ya kamata duk mai riƙe da biron rabon fili ya sani. Abyad ɗan Hammal ya roƙi Manzon Allah Sallallahu alaihi wa sallam ya yanka masa wurin gishirin Ma'arib, aka ba shi. Sai wani a majalisin ya bayyana cewa wurin kamar ruwa mai ɓuɓɓuga ne, kowa na zuwa ya ɗiba. Nan take aka janye kyautar. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi. Lura da abu biyu. Wanda ya yi magana bai yi shiru don ganin an riga an bayar ba. Kuma an janye ne tun Abyad bai kashe ko dirhami a wurin ba.

Mu kuwa sai an zuba dakin, an sa ƙofofi, ɗan kasuwa ya sayar da gonar gado ya biya, sannan a tuna filin na jama'a ne.

Abin mamaki, irin na Kano ya taɓa faruwa a Madina. Manzon Allah Sallallahu alaihi wa sallam ya ware wa Musulmi kasuwa a buɗaɗɗen fili, ba gini, ba haraji, wanda ya riga zuwa shi ke da wurin a ranar. A zamanin halifa Hisham ɗan Abdulmalik aka kewaye kasuwar da gini, aka yi shaguna ana karɓar haya. Da Hisham ya rasu a shekara ta 125 bayan Hijira, mulki ya canja hannu, mutanen Madina suka far wa ginin suka rushe, aka kwashe katakai da ƙofofi. Samhudi ya kawo labarin a tarihinsa na Madina, Wafa'ul Wafa. Wani ya gina, wani ya hau, jama'a sun wawashe. Shekara kusan 1,300 tsakani, amma kamar jiya a Ƙofar Mata.

Wawason nan kuwa sai mun tsaya a kansa, don shi ne ya fi shafar yaranmu. A Kano an ga samari na kwasar rodi da ƙofofi da kayan shagunan mutane suna kiransa ganima. Subhanallah. Ganima a garin Musulmi, daga dukiyar Musulmi? Ko da fili na ƙwace ne, rodin da mutum ya saya da kuɗinsa nasa ne. Malamai sun yi bayanin wanda ya yi gini a ƙasar da ya san ba tasa ba ce: ko a sa shi ya cire kayansa, ko a biya shi ƙimarsu a rushe. Ba wanda ya ce kayan sun zama na mai ƙarfin ɗauka. Wanda kuma ya gina da shubuha, yana zaton halal ne don hukuma ce ta ba shi takarda da hatimi, hukuncinsa ya fi wancan sauƙi, ana duba ƙimar gininsa a tsaye. Gwamnati ɗaya ce ko da gwamna ya canja. Ba daidai ba ne ta karɓi kuɗin mutum da hannun dama, ta rushe shi da hagu cikin dare, jami'in da ya sa hannu kuma yana gida yana shan shayi ba wanda ya tambaye shi.

Amma kai ma mai saye, kada ka fake da takarda. In dillali ya kai ka gefen makabarta, ko cikin harabar firamare, ko bakin filin Idi, ko kan burtali, ya ce Alhaji ga dama ta samu, zuciyarka ta san abin da idonka ya gani. Arhar da ta yi yawa ita kanta shaida ce. Hatimin ofis ba ya mayar da haram halal, kamar yadda hukuncin alƙali ba ya halatta wa mai ƙarya abin da ya ci da iya baki. Kuma kashedin da ya zo kan wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, cewa za a rataya masa shi har ƙasa bakwai ranar ƙiyama, yana cikin Bukhari da Muslim, bai ware filin gwamnati ba. Na gwamnati ma ya fi wuya. In na mutum ɗaya ne, ka je ka nemi yafiya. Na gari guda, har da waɗanda ba a haifa ba, gidan wa za ka fara?

Wani zai ce, Malam, duk wannan a kan filin ƙwallo? Ƙwallon da ke hana yara sallar Magariba? To, yaron da ya bar salla don ƙwallo a yi masa faɗa, a tsayar da wasa in an kira salla. Amma wasa kansa Shari'a ta ba shi wuri. Habashawa sun yi wasa da māsu a cikin masallacin Annabi, Nana A'isha na kallo. An yi tseren dawaki a Madina daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i. Mu nan da muka tashi da kokawa da dambe da langa, muke kuma kasa kunne in ana kokawar takobi a Nijar, mun san jinin saurayi sai ya samu inda zai huce. Ka ƙwace masa fili, ba makarantar dare zai tafi ba. Shagon da aka gina a kan filin nan zai shiga, in an ba mai cacar ƙwallo haya, ya zauna yana cacar wasan da aka hana shi bugawa. Shi ya sa ko a ginin da aka yi bisa ƙa'ida, sai an tambayi me za a sayar a ciki. Mai shagon da ya san caca ko ƙwaya za a yi a wurinsa ya karɓi kuɗin haya, yana da kamasho a zunubin.

Abin da za a iya yi tun yanzu ba mai tsada ba ne. Hakimi da masu unguwanni da limamai da 'yan ƙungiyoyin ƙwallo su zagaya da ma'aikatan ƙasa na ƙaramar hukuma, a auna filin Idi, da makabartu, da filayen makarantu, da wuraren wasa, da burtali da mashaya. A rubuta, a kafa alama, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Dattawan da suka san cewa daga tsamiyar can zuwa bakin rijiya hurumi ne suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma tsamiyar ma ana sarewa.

Wallahu a'alam.