Alawus ɗin Gida: Mu Kama Haya ko Mu Gina Namu?

Idan maigidanki ma'aikaci ne, ko kuwa ke ce malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti, to kin san a cikin albashi akwai kason da ake kira alawus ɗin gida. Wani wurin a ware ake rubuta shi, wani wurin kuma a dunƙule yake da sauran albashi. Tun shekarar 2003, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta mayar da yawancin haƙƙoƙin ma'aikatan tarayya zuwa kuɗi a hannu, ta kuma shiga sayar da gidajen gwamnati, nauyin neman muhalli ya ƙara dawowa kan ma'aikaci. Shi ya sa gidaje da yawa suke fama da tambaya guda: shin a riƙa biyan haya da wannan kuɗi, ko a matse a gina na kai?

Kafin lissafi, akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: wannan kuɗi haƙƙin wa ne? Da sunan ma'aikaci ake biya, gaskiya ne, amma domin matsugunin iyalinsa aka ware shi. Shari'a ta ɗora wa miji samar wa matarsa wurin zama gwargwadon halinsa, kamar yadda aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna. Ke nan waɗanda suke kwana a ɗakin nan yau, ke da yaranki, su ne farkon masu haƙƙi a kansa. Duk shawarar da za a yanke, daga nan ya kamata ta taso.

Masu cewa a gina suna da hujja mai ƙarfi, kuma mu mata mun fi kowa saninta. Aiki yana ƙarewa, alawus ya tafi tare da shi, fansho kuma ba ya riƙe gida yadda albashi yake riƙewa. Idan mutuwa ta zo wa maigida, matar da take gidan haya tana cikin takaba ne tana lissafin ranar da kuɗin haya zai ƙare. Wadda mijinta ya bar gida kuwa, ko da tumuni ne rabonta, ko da za su raba shi da abokiyar zama, 'ya'yanta suna da inda ba mai korarsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kada kowa ya raina shi.

To amma 'yar'uwa, a ƙasar Guri akwai abin da mutumin Kano ko Dutse ba lalle ya sa a lissafinsa ba, wato ruwa. Muna zaune ne a ƙasan Kogin Haɗeja, cikin fadamar Haɗeja da Nguru. Ruwan da ake saki daga madatsar Tiga da ta Challawa ta wajenmu yake bi, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, sai ya nemi wata hanyar ta cikin gonaki da gidaje. Ba mu manta da ambaliyar 2018 da ta 2020 da ta 2022 ba, da yadda gidajen ƙasa suka jiƙe suka zube, mutane suka koma kwana a azuzuwan makarantu. Filin da dillali zai kawo muku da araha a watan Maris, ƙasa a bushe ƙayau, ku tambayi tsofaffin unguwa yadda yake zama a watan Satumba. Mai haya idan ruwa ya ci gida kayansa zai kwashe ya nemi wani. Mai gida kuwa gumin shekara goma ne ya narke a gabansa. Saboda haka mallakar gida a kwari ba kwanciyar hankali ba ce, fargaba ce ta kowace damina.

Abu na biyu shi ne canjin wurin aiki. Malamin da yake Kadira bana, baɗi ana iya mayar da shi Abunabo ko cikin Haɗeja. Wanda ya san ba a nan zai tabbata ba, ya fi masa alheri ya kama haya inda yake aiki, ya yi gininsa a hankali inda zai tsufa.

Na uku shi ne bashi. Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikatan da suke cikinsa kashi 2.5 cikin 100 na albashi, Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya yake kula da shi. Rancen da aka saba bayarwa daga nan yana da ruwa na kashi 6 cikin 100. Ƙarancin ruwan bai fitar da shi daga maganar riba ba, don haka wajibi ne a tambayi malamai kafin a sa hannu. Tun 2012 da Bankin Jaiz ya fara aiki an sami hanyoyin da ba ruwa, irin su murabaha, inda banki zai saya ya sayar muku da ribar da aka sani tun farko. Sai dai halal ɗin ciniki ba ya nufin kun iya biya. In abin da za a riƙa cira duk wata zai taɓa tukunya da kuɗin makaranta, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A nan ne zaluncin da ba a cika kiransa zalunci ba yake ɓuya. Sai ki ga magidanci ya tara mata da yara a ɗaki ɗaya mai yoyo, ba makewayi mai kyau, ba sirri, shekara bakwai ana cewa "ku yi haƙuri, gini nake yi." Niyyarsa mai kyau ce, amma haƙƙin yau ba a biyansa da alkawarin gobe, sai in masu haƙƙin sun yarda da ransu. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, wani lokacin mu ne muke ingiza su. Gorin "'yar gidan haya" a wurin biki ya jefa maza da yawa cikin bashin da ya hana gida barci. Haya ba abin kunya ba ce. Ciniki ne halal, kun biya kun sami sutura.

Haka nan akwai kishiyar wannan: wanda yake karɓar alawus shekara talatin, kullum sai ya narke a hidimar da ba ta zama dole ba, har ritaya ta same shi ba ko fegi. Shi ma ya tauye iyalinsa, domin bai yi musu tanadin ranar da albashi zai tsaya ba.

To mene ne mafita? A ganina, ku zauna ke da maigida ku raba kuɗin gida biyu. Kaso na farko ya tafi ga haya mai mutunci daidai ƙarfinku, ba ta nuna isa ba. Abin da ya saura, ko ta adashi ne, a tara a sayi fili a kan tudu, a gaban shaidu da mai unguwa da dagaci, a kuma nemi takardar mallaka daga hukuma. A ɗaga harsashi sosai, a sa siminti a ƙasa ko da saman na ƙasa ne, a gama ɗaki ɗaya da makewayi kafin a fara na biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Ke kuma ma'aikaciya, ki sani albashinki da alawus ɗinki dukiyarki ce, ba a ɗora miki samar da muhalli ba. In kin ga dama kin taimaka, Allah Ya ba ki lada. Amma a fayyace tun farko: kyauta ce, ko rance, ko tarayya a gidan? A rubuta, a sa shaidu. Ba rashin yarda da miji ba ne. Ranar rabon gado ba shi za ki tarar ba, magada za ki tarar, kuma bulon da ba a rubuta ba ba ya magana.

Allah Ya ba mu matsuguni mai albarka, na haya ne ko na kanmu, Ya kare garuruwanmu daga ambaliya. Amin.