Ƙwannafi da Haƙƙin Ciki a Kan Mai Shi

 

A Kafanchan da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da wuya ka zauna a majalisa ba ka ji wani ya dafa ƙirji ya ce olsarsa ta tashi ba. Da yawa daga cikinsu ba gyambon ciki ke damunsu ba, ƙwannafi ne. Tsakanin bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro da tumbi, Allah ya halicci wata tsoka mai buɗewa abinci ya wuce, sannan ta tsuke. Tumbi yana da rufin da ke kare shi daga ruwan tsamin da yake narka abinci da shi, bututun kuwa ba shi da irinsa. Idan tsokar ta saki, sai ruwan ya yi sama, mutum ya ji wuta a tsakiyar ƙirji, da gyatsa mai tsami, wani lokaci har da tarin dare da dishewar murya. Misalinsa salka ce da bakinta ya sassauta: tana rataye ba ta zuba, a cika ta a kwantar, sai ta yi yoyo.

Gyambon ciki kuma daban yake. Galibinsa daga wata ƙwayar cuta ce da likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982, aikin da ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2005, ko kuma daga yawan shan magungunan ciwon jiki. Shi yana bukatar gwaji da magani na musamman.

Dubi manomin citta a ƙasar Jaba ko Kachia a lokacin haƙa. Ya fita da sassafe cikinsa babu komai sai goro, ya wuni a sunkuye. Da almuru ya biya kemis ya sayi diclofenac ko ibuprofen saboda bayansa, ya haɗiye. Ya iso gida ya tarar da tuwo malmala uku da miya mai manja da attarugu, ya share kwanon, ya kora da lemun kwalba, ya miƙe a tabarma kafin hannunsa ya bushe. Tsakar dare ya farka ƙirji na ci da wuta, sai ya jiƙa kanwa ya sha. Kanwar tana kashe tsamin nan take, gaskiya ne, amma gishirin da ke cikinta yana da illa ga mai hawan jini da mai ciwon ƙoda, kuma ba ta gyara tsokar da ta saki. Ita kanta cittar da yake nomawa, kaɗan daga cikinta na kwantar da tashin zuciya, yawanta kuwa yana ƙara wa wasu zafin.

A ganina, nan ne addini ya riga likita magana. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikarib, wanda Tirmizi ya ruwaito, ya koyar da raba ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Abin mamaki, a watan Ramalana, watan da aka shar'anta don horar da ciki, kukan ƙwannafi ya fi yawa. A sha ruwa da ƙosai da soyayyen dankali da kunun tsamiya, a ɗora tuwo, a tafi asham ana ruku'u da sujada da ciki a cike. A yi sahur mai nauyi, a sallaci asuba, a koma barci. Maƙwabtanmu Kirista ma, masu azuminsu kafin Ista, tumbinsu bai bambanta da namu ba.

Gyaran ba shi da tsada, sai dai yana son haƙuri. A rage loma, a ci kaɗan-kaɗan, a bar kamar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya. A ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo ko katako kimanin santimita 15 zuwa 20. Tara matasan kai ba ya wadatarwa, domin lanƙwasa ciki yake yi. Taba da giya da teɓa duk suna ƙara ƙwannafi. Sauran kuwa kowa ya lura da nasa: wani faten acca mai yakuwa ke tayar masa, wani shayi mai kauri, wani bai san da su ba.

Akwai mas'alar da ɗalibai kan yi tambaya a kanta. Sunna ita ce kwanciya a gefen dama, likitoci kuma sun lura cewa gefen hagu ya fi hana ruwan tsamin hawa, saboda yadda tumbi yake zaune. Ban ga karo a nan ba. Mai lalura ya fara da dama, ya yi addu'o'insa, sannan ya juya hagu.

Wanda abin ya dame shi sau da yawa a mako, akwai omeprazole, ana shan sa kamar rabin awa kafin karin kumallo, mai azumi kuma kafin sahur. Amma kada a mai da shi abokin shekaru ba tare da likita ya duba ba, kuma mai juna biyu ta tambayi ungozomar asibiti tukuna. Idan abinci ya fara tsayawa a ƙirji, ko aka yi aman jini, ko bayan gida ya zama baƙi ƙirin, ko mutum yana ramewa ba dalili, to, a nufi babban asibitin da ke Kafanchan ko mafi kusa. Zafin ƙirjin da ya zo da gumi da sarƙewar numfashi, yana sauka hannu ko haɓa, wannan yana iya zama ciwon zuciya, kuma ba a jiran gari ya waye.