RUNDUNAR DA ALLAH YA AJIYE CIKIN JININ ƊAN ADAM

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ƙagi mutum, ya kyautata ƙirarsa, ya sanya masa masu tsaro a fili da ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa musulmi, Alƙur'ani mai girma ya kira mu zuwa ga yin tunani cikin halittar kawunanmu, kamar yadda ya kira mu zuwa ga duban sammai da ƙasa. To, yau za mu dubi jini, wannan da muke gani ja idan an yanke, muna zaton abu guda ne.

Ku sani, Allah ya yi muku rahama, a cikin ɗan jinin da bai wuce girman kan allura ba akwai jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 5, masu ɗaukar iska daga huhu zuwa gaɓoɓi. Tsakaninsu akwai waɗansu ƴan kaɗan, daga 4.000 zuwa 11.000 ga mai lafiya, waɗanda likitoci ke kira fararen ƙwayoyin jini. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Cikin ɓargon ƙashi ake halittarsu, kuma su ne dakarun da ke yaƙi da cututtuka dare da rana, muna barci ko muna farke, ba mu umurce su ba, ba mu biya su ba. Tsarki ya tabbata ga Allah!

Kashi biyar ne. Mafi yawa su ne nitirofil, waɗanda suka zarce rabin rundunar. Su ne ƴan sahun gaba. Da ƙaya ta soki ƙafar manomi, ƙwayoyin cuta suka shiga, sai su ratsa bangon jijiya su isa wurin, su haɗiye abokan gaba, su mutu tare da su. Mugunyar da muke ƙyama a bakin gyambo, mafi yawanta gawawwakinsu ne. Rayuwarsu ba ta wuce ƴan kwanaki, shi ya sa ɓargo ba ya hutawa wajen fitar da sababbi.

Sai monosit, wadda ta fi sauran girma. Idan ta bar jini ta zauna cikin nama, a huhu ko hanta ko saifa, sai ta zama makarofaj, wato mai yawan ci. Tana cinye ƙwayoyin cuta, ta share matattun ƙwayoyin jiki, sa'an nan ta nuna wa sauran dakaru alamar abin da ta kama don su gane shi. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Mechnikof, shi ya bayyana wannan haɗiya a shekarar 1882. Mutum ya gano ta jiya jiya, alhali tana aiki tun zamanin Annabi Adamu.

Eyosinofil aikinta faɗa da tsutsotsi, shi ya sa yawanta ke hawa a jinin yaro mai tsargiya ko tsutsar ciki. Basofil ita ce mafi ƙaranci, ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba, tana da hannu cikin ƙaiƙayi da kumburi da atishawar wanda jikinsa bai jituwa da wani abu.

Amma abin mamaki mafi girma yana ga kashi na biyar, limfosit. Masaukinsu saifa ne da ƙulle-ƙullen nan na wuya da hammata da matsematsi; idan kaluluwa ta fito wa mai rauni a ƙafa, su ne suka taru suna hayayyafa don yaƙi. Waɗansu daga cikinsu, da ake kira B, suna ƙera makamin da ya dace da cuta guda, kamar yadda maƙeri ke yi wa kowane kwaɗo ɗan makullinsa. Waɗansu, da ake kira T, sai sun bi ta wata ƴar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, mai suna timus, inda ake tantance su: duk wadda za ta juya ta afka wa jikin mai ita, nan ake halaka ta. Daga cikin T akwai masu kashe ƙwayar jikin da cuta ta shige, akwai kuma jagorori masu ba sauran umurni. Bayan an gama yaƙi, sai wani sashe ya saura yana riƙe da kamannin abokin gaba shekara da shekaru. Wannan ne dalilin da ya sa iyayenmu suka lura tun da daɗewa cewa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sake yi.

A nan ne maganar rigakafi ta shigo, kuma a nan nake son mu tsaya. Allurar rigakafi nuna wa waɗannan dakaru kamannin cuta ne, an kashe ta, ko an raunana ta, ko an ɗebo wani ɓangarenta, domin su shirya kafin ta zo da ƙarfinta. Ɗan zazzaɓin da yaro kan yi bayan allura alama ce ta rundunar da ta tashi. Dattawan da ke cikin masallatanmu sun san agana, sun ga fuskokin da ta zane da idanun da ta rufe. Da rigakafi aka kawar da ita, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙarewarta a 1980. Sanƙarau kuwa, a 1996 ya kama mutum fiye da 250.000 a yankin nan namu na Afirka, ya kashe wajen 25.000, kuma ƙasar Nijar na cikin waɗanda suka ɗanɗana. A 2010 aka fara sabuwar allura a Nijar da Mali da Burkina Faso, irin sanƙarau da ake kira A ya kusan ɓacewa. Sauran ire-irensa na nan, kamar C da ya ɓarke a 2015, saboda haka ba a saki jiki ba.

Wani kan ce: ai ciwo da mutuwa ƙaddara ne. Gaskiya ne. Amma ku tuna, lokacin da annoba ta sauka a Sham a shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya juya da jama'arsa bai shiga ba. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Wanda ya halicci cuta shi ya halicci limfosit, shi ya sanar da likita. Uban da ya ɓoye ɗansa ranar allura, a ganina, ya bar sababi ne ya sa masa suna tawakkali, kuma za a tambaye shi game da kiwon da aka ba shi. Ƙyanda da ake rainawa, bincike ya nuna tana goge wani sashe na abin da dakarun jiki suka haddace, ta bar yaro a buɗe ga ciwon huhu da zawo.

Sai kuma ku gaya wa iyalinku maganar dakashi, nonon farko mai kauri da ruwan ɗorawa wanda waɗansu ke matsewa su zubar wai ƙazanta ne. Cike yake da fararen ƙwayoyi da makaman da jikin uwa ya ƙera, a lokacin da rundunar jariri ba ta ƙosa ba. A sa jariri ga nono cikin sa'ar farko, a bar shi ga nono zalla wata 6, a ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2, kamar yadda Alƙur'ani ya ambata. Yaron da tamowa ta kama timus ɗinsa kan ƙanƙance, sai cuta ƙarama ta kada shi. Mutanen Maraɗi sun ga wannan da idonsu a 2005.

Cutar SIDA kuma jagororin nan na T take bi ta kashe. Mai lafiya yana da su daga 500 zuwa 1.500 a cikin wancan ɗan ɗigo. Idan suka faɗi ƙasa da 200, runduna ta rasa shugaba, tarin fuka da sauransu su samu ƙofa. Nisantar zina kariya ce, haka nan barin aska ko allurar da wani ya yi amfani da ita, da yin gwaji kafin aure. Amma kada a yanke wa mai ita hukunci, domin akwai matar da ta samu daga mijinta, akwai jaririn da aka haifa da ita. Yau akwai magungunan da ke danne ta har jagororin su farfaɗo, mutum ya rayu ya yi sana'arsa, muddin bai daina sha ba. Wanda ya san ɗan uwansa na fama da ita, ya raka shi gidan likita, ya rufa masa asiri.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.