Lissafin Yiwuwa Ba Ya Jayayya da Ƙaddara

Wasu na ganin lissafin yiwuwa musun ƙaddara ne, tunda yana magana kan abin da ka iya faruwa ko ya ƙi. To, a duba yadda masu manhajar lissafi ta NumPy suka sake tsara ta a 2019: sun raba injin da ke fitar da lambobi da sashen da ke rarraba su gwargwadon yiwuwa. Injin nan ba ya canki-canka. Ba shi lambar farawa ɗaya sau goma, jeri ɗaya zai fito sau goma. Ashe rashin tabbas yana wurin mai kallo ne, kamar yadda masanin lissafi Laplace ya bayyana tun 1814.

Za a ce ai da wannan lissafi ake cin kuɗin talakawa a rumfunan cacar Lonaci na unguwannin Adjamé da Treichville. Haka ne, sai dai shi ne kuma ke tona asirin caca, domin yana nuna mai shirya ta ke da riba a ƙarshe. Falken da ke ƙiyasta goro nawa zai ruɓe a huhu kafin ya isa Kano, shi ma yiwuwa yake aunawa, ba gaibu yake da'awa ba. Haramcin yana kan cacar, ba kan ilimin ba.